Tambayoyi da amsoshi kan lambar firam ɗin nan mai dijit miliyan 41

Tun da labari ya fita a Oktoban 2024 cewa an gano wata lambar firam da ba a taɓa ganin mai tsawonta ba ake ta yi min tambaya a kai, ɗalibai a aji, malamai 'yan'uwana, har da dattawan unguwarmu nan Gusau da sunka ji a bakin yaransu. Ga waɗanda sunka fi maimaituwa nan na haɗa wuri guda, wasu amsarsu gajera ce, wasu kuwa sai ka samu biro da takarda a kusa.

Malam, wai mi ake nufi da lambar firam ma tukuna?

Lamba ce da ta wuce 1, kuma ba abin da ke raba ta daidai babu saura sai 1 da ita kanta. Kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka dai. Ka tara yara 12 ka ce su yi layi-layi daidai wa daida, za su iya yin layi biyu na shida-shida, ko uku na hurhuɗu, ko huɗu na uku-uku, amma yara 13 ko ka wuni kana jera su sai wani ya yi saura, sai dai su yi dogon layi guda ko kowa ya tsaya shi kaɗai. To 13 firam ce, 12 ba firam ba ce. A cikinsu duka 2 ce kaɗai shafa'i, sauran duk wutiri ne.

Abin da ya sa masana lissafi sunka damu da su shi ne kowace lamba daga 2 zuwa sama, ko dai ita firam ce ko kuma firam-firam anka ninka sunka haife ta, kuma ta hanya ɗaya tak. 360 misali 2×2×2×3×3×5 ce, ba wata hanya kuma. Shi ya sa ma ba a sa 1 a cikinsu, don in an sa ta wagga ƙa'ida ta lalace, kowa sai ya riƙa liƙa ×1 iya son ransa.

To ita wagga da ake magana a kai wace ce?

Ana rubuta ta 2^136,279,841 − 1. Wato ka jera 2 har guda 136,279,841 ka ninka su duka, 2×2×2×2 har ƙarshe, sannan ka cire 1. In an baje ta a rubutun lamba na yau da kullum tana da dijit 41,024,320, ta fara da 8816 ta ƙare da 551.

Wanda ya gano ta wani Ba'amurke ne, Luke Durant, mazaunin San Jose a Kalifoniya, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, yana cikin wani shiri na 'yan sa-kai da ake kira GIMPS wanda George Woltman ya kafa a 1996, kowa ya ba da aron kwamfutarsa ana raba musu lambobi suna gwadawa. Shi Durant sai ya yi hayar injinan GPU, masu yin lissafi mai yawa a lokaci guda, dubbai a cibiyoyin kwamfuta na ƙasashe 17. Ranar 11 ga Oktoba wani inji a Dablin ta ƙasar Ailan ya nuna alamar an dace, washegari 12 ga wata wani a San Antonio ta jihar Teksas ya tabbatar. Wadda ta riƙe kambun kafin ita 2^82,589,933 − 1 ce mai dijit 24,862,048, ta Disambar 2018, ka ga an yi kusan shekara shida ba a samu sabuwa ba.

Dijit miliyan 41 ɗin nan, a zahiri nawa ke nan?

In kana karanta dijit ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, za ka yi kwana 475 kafin ka kai ƙarshe. In rubutawa za ka yi a littafin makaranta mai falle 60, kana cusa dijit 1,000 a kowane shafi, sai ka cinye littafi 342. In kuma a layi ɗaya za ka miƙe ta, kowane dijit ya ci rabin santimita, tsawon zai kai kilomita 205, kusan daga nan Gusau ka wuce Talatar Mafara har ka doshi Sakkwato.

Amma a waya ba wani abu ba ce, megabait 41 ne, bidiyon biki ɗaya ya fi ta nauyi.

Ke nan ita ce firam mafi girma a duniya?

A'a, a nan mutane ke yawan kuskure. Ita ce mafi girma da ɗan Adam ya sani a lokacin da anka sanar da ita, amma firam ba su da ƙarshe, kuma wanga ba hasashe ba ne, an tabbatar da shi tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a hannun Yukilid na birnin Iskandariya. Hujjar tasa ko ɗan aji ɗaya na sakandare zai gane. Ka ce ga jerin firam ɗinka kuma wai sun ƙare, to mu ninka su duka mu ƙara 1. Wagga sabuwar lamba duk firam ɗin da ke jerinka in ka raba ta da shi sai 1 ta yi saura, ke nan ko dai ita kanta firam ce da ba ta cikin jerin, ko kuma akwai wata firam a waje da ke raba ta, ko ta ina jerinka bai cika ba.

A kula da "ko" ɗin nan na biyu don ɗalibai na yawan tsallake shi. 2×3×5+1 ta ba da 31, firam ce, sai yaro ya ɗauka kullum haka ne. Amma 2×3×5×7×11×13+1 ta ba da 30,031 wadda ita 59×509 ce. Ba firam ba ce, sai dai 59 da 509 ɗin ba su cikin jerin farko, hujja ta tsaya ke nan.

Har ma an san cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta akwai firam aƙalla ɗaya, Chebyshev ya tabbatar da haka wajen 1850. Wato tsakanin wagga ƙatuwar lamba da ninkinta biyu tabbas akwai firam da ta fi ta, muna da yaƙini tana nan, nuna ta da yatsa ne aiki.

Don mi kullum masu rikodin ke zuwa da siffar "2 fawa kaza a cire 1"?

Irin waɗannan ana ce musu lambobin Mersenne, da sunan wani limamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, wanda ya rayu 1588 zuwa 1648. Ƙananansu: 2^2 − 1 = 3, 2^3 − 1 = 7, 2^5 − 1 = 31, 2^7 − 1 = 127. Ka lura lambar da ke sama, fawa ɗin, ita ma firam ce kowane lokaci, kuma dole ne, don in tana rabuwa to sakamakon ma zai rabu, 2^4 − 1 = 15 = 3×5, 2^6 − 1 = 63 = 7×9. Saboda haka ko ba ka duba ba ka san 136,279,841 ita kanta firam ce. Amma fawa ta zama firam bai isa ba, 11 firam ce amma 2^11 − 1 = 2,047 = 23×89.

Shi Mersenne a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin firam ne har zuwa fawa 257, ya dace a wasu ya kuskure a biyar: ya sa 67 da 257 alhali ba su ciki, ya bar 61 da 89 da 107 alhali suna ciki. Ni dai ban ga laifinsa ba, mutum da tawada da alƙalami.

Dalilin da ya sa su ke riƙe rikodi ba wai sun fi sauran firam yawa ba ne, su ne ma 'yan tsiraru, wagga ita ce ta 52 da anka sani. Dalili shi ne su ne ake da gajeriyar hanyar gwada su. Ita ce tambaya ta gaba.

Tsakani da Allah ya anka yi anka tabbatar? Lambar da ba mai iya karanta ta ma, wa ya zauna ya raba ta da kowace lamba?

Ba wanda ya yi, kuma ba kwamfutar da za ta iya. In hanyar makaranta za a bi, a yi ta rabawa da 3, 5, 7, 11 har a kai tushen lambar, wato lambar da in anka ninka ta da kanta za ta ba da ita, to shi tushen nata kaɗai yana da dijit sama da miliyan 20, alhali adadin ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hangowa lamba ce mai dijit wajen 80 kacal. Ko duk kwamfutocin duniya sun taru ba za su ko fara ba.

Hanyar da ake bi sunanta gwajin Lucas da Lehmer. Édouard Lucas Bafaranshe ya faro ta, a 1876 ya tabbatar 2^127 − 1 mai dijit 39 firam ce da hannu, har yau ba a samu wadda ta fi ta girma da anka tabbatar ba tare da inji ba, sai Derrick Lehmer ya gyara hanyar a 1930. Ga yadda take, kuma don Allah a gwada kar a karanta kawai. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura kawai. Sauran nan ka sake ninka shi da kansa ka cire 2 ka raba ka riƙe saura. Za ka maimaita sau adadin fawa a cire 2. In ka ƙare da sifiri firam ce, in ba sifiri ba ba firam ba ce, babu wataƙila a ciki.

Mu gwada 31, fawa 5 ce don haka zagaye uku. 4×4 − 2 = 14. Sai 14×14 − 2 = 194, a raba da 31 saura 8. Sai 8×8 − 2 = 62, a raba da 31 saura 0. Shi ke nan 31 firam ce. Na 127 zagaye biyar ne, ya kamata ka samu 14, 67, 42, 111, 0, in ba haka ka samu ba ka sake duba ninkinka. Na 2,047 zagaye tara ne da kalkuleta, ƙarshensa 1,736 ne ba sifiri ba, ta faɗi.

To ka ga abin mamakin, gwajin ya ce maka 2,047 tana rabuwa amma bai gaya maka 23 da 89 ba, bai ma neme su ba. Haka ta faru da 2^67 − 1, Lucas ya nuna tun 1876 ba firam ba ce amma ba wanda ya san masu raba ta sai 1903, lokacin da Frank Cole ya tashi a wani taron masana lissafi a Niyok ya rubuta 193,707,721 × 761,838,257,287 a allo ya ninka da alli ya koma ya zauna. Har yau akwai lambobin Mersenne da yawa da an san suna rabuwa ba a san da mi ba.

Ita tamu ƙatuwar zagaye 136,279,839 anka yi mata, kowane zagaye ana ninka lamba mai dijit miliyan 41 da kanta. Yana da yawa amma yana ƙarewa, bambancinsa da waccan hanya ke nan. Kuma siffar lambar na taimaka wa injin ƙwarai, don a harshen kwamfuta na 0 da 1 ita 1 ce zalla a jere guda 136,279,841 ba sifiri ko ɗaya, kamar yadda 7 take 111, 31 kuma 11111, saboda haka neman saura ba ya buƙatar doguwar rabawa, yanke lambar ake yi gida biyu a haɗa. Bayan haka kuma mutane daban-daban sunka sake gwajin da manhajoji daban a injina daban duk sunka samu sifiri kafin a sanar ranar 21 ga Oktoba.

Ka ce inji na farko "alama" ya nuna, na biyu ya tabbatar. Mi ye bambancin?

Gwaji biyu ne. Na farko na Fermat ne: in N firam ce da ta wuce 3, ka ɗauki 3 fawa N − 1 ka raba da N, saura 1 zai ba ka. Gwada da 7, 3 fawa 6 = 729, a raba da 7 an samu 104 saura 1. Matsalarsa akwai lambobin da ke tsallake shi alhali ba firam ba ne, 91 misali tana wucewa lafiya lau kuma ita 7×13 ce. A lambobi masu wanga girma da wuya ƙwarai a samu irin haka, amma masu lissafi ba su karɓar "da wuya", shi ya sa sai an bi da na Lucas da Lehmer.

Akwai wani sirri ko tsari a ɓoye cikin dijit ɗinta?

In ka duba su a warwatse suke, ba wani saƙo. Amma akwai abubuwan da za ka iya sani game da ita kana zaune a kan tabarma. Dijit na ƙarshe misali: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, ƙarshensu na zagayawa 2, 4, 8, 6, 2, 4, 8, 6. Raba 136,279,841 da 4 saura 1, ke nan ta faɗa kan 2, a cire 1 ya zama 1, kuma ga shi da 551 ta ƙare.

Yawan dijit kuma da logaridim ake samu. Wanda ke teburin da ake shiga jarrabawar WAEC da shi, 0.3010, zai kai ka kusa da miliyan 41 ne kawai, sai ka yi amfani da 0.30102999566, ka ninka da 136,279,841 ka samu 41,024,319 da 'yan ɗigo, ka zubar da ɗigon ka ƙara 1. Duk mai tambayar amfanin logaridim ga ɗaya nan.

Na ji an ce kowace irin wagga lamba tana da "cikakkiyar lamba" da ke tafiya da ita.

Gaskiya ne. Cikakkiyar lamba ita ce wadda in ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai su ba ka ita daidai. 6 = 1+2+3. 28 = 1+2+4+7+14. Sai 496, sai 8,128. Yukilid ya nuna in 2^p − 1 firam ce, ka ninka ta da 2^(p−1) za ka samu cikakkiya: 3×2 = 6, 7×4 = 28, 31×16 = 496, 127×64 = 8,128. Bayan shekara dubu biyu Euler ya tabbatar cewa duk cikakkiyar lamba shafa'i ta wagga hanya take zuwa. Don haka ranar da anka gano firam ɗin Durant an samu cikakkiyar lamba ta 52 a kyauta, mai dijit 82,048,640. Cikakkiya wutiri kuwa ba a taɓa samun ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba.

Wani dattijo ya ce min: yaro, wanga ilmi na Turawa ne kawai ko malamanmu ma sun taɓa shi?

Allah ya ƙara maka lafiya Baba, sun taɓa shi, kuma kai ma da ka yi karatun fara'ili a zaure ka taɓa gefensa. Duk mai rabon gado ya san sai an duba lambobi biyu a ga tsakaninsu tamasuli ne, ko tadahuli, ko tawafuƙi, ko tabayuni. Tabayunin nan shi ne lambobi biyu da ba mai raba su tare sai 1. Ba daidai yake da firam ba, 8 da 9 tabayuni ne alhali ba firam a cikinsu, amma hanyar tunanin ɗaya ce, neman wa ke raba wa. Kuma a babin auli, mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, miji rabi su kuma biyu bisa uku, asalin mas'ala 6 ya tashi zuwa 7, haka 12 ke tashi zuwa 13 ko 15 ko 17. Duk wanda ya raba dukiya kashi 13 ko 17 ya san yadda suke gardama.

A littattafan lissafi kuwa, Sabit bin Ƙurra a Bagadaza cikin ƙarni na 9 ya fitar da ƙa'idar samun lambobi masu ƙaunar juna irin 220 da 284, waɗanda in ka tara masu raba kowace ban da ita kanta sai su ba ka 'yar'uwarta, kuma ƙa'idar a kan firam ta ginu. Ibnul Haisam, wajen shekara ta 1000, ya san cewa in ka ninka duk lambobin da ke ƙasa da firam ka ƙara 1 to firam ɗin za ta raba sakamakon, gwada 7: 1×2×3×4×5×6 = 720, a ƙara 1 ya zama 721, wato 7×103. A Turai sai a ƙarni na 18 anka sake fito da ita da sunan Wilson. Ibnul Banna na Marrakish shi ma ya rubuta cewa in ana tace firam ba sai an wuce tushen lamba ba. A ƙasar Hausa kuma akwai Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine da ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741, shi nasa fannin daban ne amma dai lissafi ne na gaske.

An ce da firam ake kulle asusun banki da WhatsApp. Da wagga ake yi?

Da firam ake yi, amma ba da wagga ba, ita ta yi girma fiye da kima kuma kowa ya san ta. A tsarin RSA na 1977 ana ɗaukar firam biyu na sirri, kowace mai dijit wajen 300, a ninka su a samu lamba mai dijit 617 a bayyana ta ga kowa. Ninkawar nan take ce, amma komawa baya a gano su biyun shi ne abin da ya gagara, a 2020 wata tawaga ta fasa mai dijit 250 kacal da aikin da ya kai shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗaya ce ke yi. WhatsApp kuwa wani tsari yake bi da ya dogara kan firam 2^255 − 19, dijit 77 ne da ita, a can ba firam ɗin ce sirri ba, filin da ake lissafin a kai ce.

'Yan gidan Mersenne ƙanana suna aiki dai. 2^31 − 1 = 2,147,483,647, wadda Euler ya tabbatar a 1772, ita ce iyakar ƙirgen tsofaffin manhajoji da yawa, shi ya sa ake maganar agogon wasu injina zai rikice ranar 19 ga Janairun 2038 in ba a gyara ba. 2^19,937 − 1 kuma ita ce ƙashin bayan wata hanyar fitar da lambobin ƙuri'a da wasu Japanawa biyu sunka ƙirƙira a 1997, tana cikin Python da manhajoji birjik.

In ba ta da amfani, mi ya sa mutum zai zuba kuɗinsa?

Rahotanni sun ce Durant ya kashe kusan dala miliyan 2, ladan da GIMPS ke bayarwa kuwa dala 3,000 ne, ka ga ba kasuwanci ba ne. Akwai kyautar EFF, wata ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet a Amurka, dala 150,000 ga firam ta farko mai dijit miliyan 100, da 250,000 ga mai biliyan ɗaya, ta dijit miliyan 10 an riga an cinye ta da lambar da anka gano a jami'ar UCLA a 2008.

A ganina sha'awa ce kawai da son a ce kai ne na farko, kuma ban ga abin kunya a nan ba, masu kiwon doki ma ba riba suke ƙirgawa ba. Sai dai ana tsintar amfani a hanya. Lissafin yana matse inji har in yana da aibi ya fito, a 1994 Thomas Nicely yana bincike kan tagwayen firam, wato firam biyu da 2 ce kawai tazararsu, ya gano kuskuren rabawa a Pentium, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel, abin da ya ci wa Intel dala miliyan 475, a farkon 2016 kuma manhajar GIMPS, Prime95, ta tono wata matsala a Skylake, wata ƙwaƙwalwar Intel ɗin. Masu haɗa kwamfuta har yau da Prime95 suke gwada ko inji zai jure.

Firam suna ƙaranci ne in ana hawa sama?

Suna yi. Ƙasa da 100 akwai 25, ƙasa da 1,000 akwai 168, ƙasa da miliyan akwai 78,498. A unguwar da wagga ƙatuwa take kuwa kusan ɗaya ce cikin kowace lamba miliyan 94. Ko su na Mersenne suna da ƙarshe ko ba su da shi, ba wanda ya tabbatar har yau. Haka tagwaye irin 11 da 13, 17 da 19, ana kyautata zaton ba su ƙarewa, Yitang Zhang ya matso da maganar kusa a 2013 amma ba a rufe ta ba. Kuma "ta 52" da na ce, ta 52 a waɗanda anka gano ne, lokacin sanarwar ba a gama tace duk fawa da ke ƙasa da ita ba, an taɓa samun ƙarama ta ɓullo bayan babba, a 2008 da 2009 haka ta faru.

Ni da laftof ɗina a nan Zamfara zan iya shiga?

Za ka iya, manhajar Prime95 kyauta ce, kuma ba ta cin data sosai, karɓo lamba take yi ta yi aiki ba intanet sannan ta mayar da sakamako. Tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci don haka in an ɗauke wuta ba daga farko za ka koma ba. Amma ka san abin da za ka shiga: gwajin lamba ɗaya mai wanga girma makonni yake ci a kwamfutar gida ko da tana kunne dare da rana, injin zai yi ta aiki iya ƙarfinsa, kuma a zafin Maris da Afrilu na garin nan laftof ba fanka ba iska zai iya gasuwa, batir ma ya kumbura. A janareta kam kar ka soma, kuɗin mai ya fi ƙarfin abin. In kana da sola mai rarar wuta da rana da kwamfutar tebur, to ka zaɓi ƙananan ayyukan da suke rabawa, kamar sake duba gwajin wani ko neman ƙananan masu rabawa, waɗannan sun fi saurin ƙarewa. Shi neman masu rabawar ma yana da gajeriyar hanya, duk firam da za ta raba 2^p − 1 sai ta kasance ninkin 2p a ƙara 1, ka duba 23 da 89 na 2,047, ɗaya 22+1 ce ɗaya 88+1, don haka injin ba ya ɓata lokaci kan sauran.